Koyon allon umarni da hotunan shagon Kawu: littafin aiki

Asabar, 18 ga Oktoba 2025

Ranar 14 ga wannan wata tallafin da Microsoft ke bai wa Windows 10 ya ƙare. Tsohuwar kwamfutar da muke ajiye hotuna a shagon Kawu ba za ta ɗauki Windows 11 ba, don ba ta da guntun tsaron nan na TPM 2.0. Wadda ake gyaran hoto da ita daban take, ba zan taɓa ta ba. Ita wannan ta ajiya na ɗora mata Ubuntu 24.04, wani nau'in Linux (tsarin da ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows), wanda ya fito a Afrilun 2024, kuma za a ci gaba da kula da shi har 2029.

Abin da ke gabana shi ne faifan ajiya guda biyu cike da hotunan shekaru: kamu, ɗaurin aure, dina, suna, saukar karatu, fasfo. An zuba su yadda aka ga dama, wata folda sunanta "sabo", wata "sabo 2", wata "na Alhaji", ba wanda ya tuna wane Alhajin. Idan kwastoma ya zo neman hoton bikin da aka yi shekaru uku baya, sai a kashe yamma guda ana buɗe folda ana rufewa. Kafin Disamba ta shigo da bukukuwanta ina so in san abin da ke cikin faifan, in jera shi bisa kwanan wata, in kuma yi masa kwafin ko-ta-kwana. Na ƙudurta yin duk wannan da rubutaccen umarni, ba da linzami ba, domin in koyi abin a kan aiki na gaske.

Yau dai buɗewa kawai na yi. Ctrl da Alt da T suna fito da baƙin allon. Layi ɗaya ne ke jira, a ƙarshensa alamar `$`. Manhajar da ke karɓar abin da ka rubuta ita ake kira shel, wanda ke kan Ubuntu kuwa sunansa Bash. Brian Fox ne ya rubuta shi, ya fito a 1989 a ƙarƙashin shirin GNU, domin ya maye gurbin wanda Stephen Bourne ya yi a 1979 wa Unix, tsohon tsarin da Linux ya kwaikwaya. Wato abin da nake koyo a yau ya girme ni, kuma mai yiwuwa zai ci gaba da aiki bayan wannan kwamfutar ta mutu. Wannan kaɗai ya ishe ni dalilin ba shi lokacina.

Lahadi, 19 ga Oktoba

Umarni uku: `pwd`, `ls`, `cd`. Na farko yana gaya maka foldar da kake ciki, na biyu yana nuna abin da ke cikinta, na uku yana kai ka wata. Kullum kana tsaye ne a cikin wata folda, ko ka sani ko ba ka sani ba, kuma duk umarnin da ka bayar daga nan zai fara aiki. Shi ya sa na ɗora wa kaina doka: ba zan ba da umarnin da ke canza wani abu ba sai na buga `pwd` da `ls` tukuna.

A Linux babu C: babu D:. Komai yana rataye ne a ƙarƙashin tushe ɗaya, `/`. Foldata ta gida tana cikin `/home`, kuma alamar `~` ita ce gajeriyar hanyar kiranta. Da na jona faifan ajiya, sai ya bayyana a cikin `/media`, ƙarƙashin sunana. `cd ..` yana hawa da kai mataki ɗaya sama, `cd -` yana mayar da kai inda ka baro, `cd` shi kaɗai yana kai ka gida ko daga ina.

`ls -lh` ya fi `ls` zalla amfani a wurina, don yana nuna girman kowane fayil da ranar da aka taɓa shi na ƙarshe. `ls -a` kuma yana fito da fayilolin da sunansu ya fara da ɗigo, waɗanda aka saba ɓoyewa.

Abu mafi daraja da na samu yau maɓallin Tab ne. Ka rubuta haruffa biyu ko uku na sunan folda ka danna shi, shel ya ƙarasa maka. Idan bai ƙarasa ba, to ko dai sunan babu shi a nan, ko kuma akwai fiye da ɗaya da suka fara haka, sai ka danna sau biyu ya jero su. Tab yana rage rubutu, amma babban amfaninsa shi ne yana tabbatar maka cewa abin da kake nufi yana wurin kafin ka danna Enter.

Asabar, 25 ga Oktoba

Na yi foldar gwaji a gida da `mkdir gwaji`, na kwafo hotunan biki ɗaya ciki da `cp -r`. A nan zan riƙa gwada duk sabon umarni. Faifan asali dubawa kawai, ba taɓawa.

Ya kamata duk mai fara koyo ya san wannan tun ranar farko: shel ba ya tambaya, kuma idan aiki ya yi daidai shiru yake yi. Ka buga `cp`, ya kwafe, ya dawo maka da `$` ba tare da ko kalma ɗaya ba. Shirun nan shi ne amsar cewa an gama. Matsalar ita ce idan akwai wani fayil mai suna iri ɗaya a inda kake kaiwa, zai hau kansa ya shafe shi, shi ma cikin shiru. A shagon hoto wannan babban haɗari ne, domin kyamarar Canon tana sa wa hotuna suna daga IMG_0001, ta ƙirga har 9999 ta sake komawa farko. Ta Nikon ma haka take yi da DSC_. Ke nan a faifanmu akwai IMG_0450 da yawa, kowanne na bikin wasu mutane daban. Maganin shi ne `cp -i` da `mv -i`, waɗanda ke tsayawa su tambaye ka kafin su hau kan wani abu.

`mv` aiki biyu yake yi, matsar da fayil da canza masa suna. `rm` kuwa sharewa yake yi ta har abada, babu kwandon shara da za ka je ka ɗauko. Na gwada shi a kan fayilolin banza da na ƙirƙira da `touch`, na ga yadda yake, na ajiye shi. A wannan aikin zan yi amfani da `gio trash`, wanda ke jefa fayil a kwandon shara na kwamfutar, inda za a iya dawo da shi.

Kawu ya leƙo ya ga baƙin allo ya ce, "Kai, ba dai goge min hotunan mutane kake yi ba?" Na ce, "A'a Kawu, kwafi ne nake aiki a kai, na asalin suna nan yadda kuka bar su." Ya ce to, in dai tuna amanar mutane ce. Gaskiya ya faɗa. Wasu daga cikin waɗanda ke cikin hotunan nan sun rasu, kuma iyalansu ba su da wani kwafi sai namu.

Lahadi, 2 ga Nuwamba

Sunaye masu tazara a tsakiya sun ci rabin yinin. Shel yana raba umarni ne da tazara, don haka `cd bikin Zariya` a wurinsa abubuwa biyu ka ba shi, "bikin" da "Zariya". Sai ka sa sunan cikin alamar zance, `cd "bikin Zariya"`, ko ka bar Tab ya rubuta maka. Haka nan babban harafi da ƙarami ba ɗaya ba ne: `*.jpg` ba zai kamo hotunan kyamara ba, don su `.JPG` suke ƙarewa da shi.

Tauraron nan `*` yana nufin "ko mene ne". Abin da ya buɗe min ido shi ne ba `cp` ko `rm` ne ke fassara shi ba. Shel ne da kansa yake fara maye gurbin tauraron da jerin sunayen da suka dace, sannan ya miƙa wa umarnin. Saboda haka idan ka sa `echo` a gaba, misali `echo *.JPG`, za ka ga ainihin sunayen da umarnin zai karɓa, ba tare da an taɓa ko ɗaya ba. Daga yau duk inda tauraro zai shiga, `echo` ne zai fara shiga.

Na yanke tsarin suna na shago: shekara, wata, rana, sannan irin bikin, babu tazara. Misali `2024-12-21_aure`. Tunda `ls` yana jera sunaye bisa haruffa da lambobi, fara suna da shekara yana sa foldoji su jeru bisa tarihi da kansu. Haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, Linux yana karɓarsu a sunan fayil lafiya lau, amma kibod ɗin shagon ba shi da su, kuma yaron shago shi ma zai riƙa nema. Don haka a sunan folda na zaɓi kalmomin da ba su da su: aure, suna, dina, walima, fasfo.

Lahadi, 9 ga Nuwamba

Yau na ga dalilin da ya sa mutane ke son wannan allo.

`find` yana bin folda da duk foldojin da ke cikinta yana nema. `find . -iname "*.jpg"` ya fara zubo sunaye ba ƙaƙƙautawa har sai da na tsayar da shi da Ctrl da C. Ɗigon yana nufin "daga nan inda nake", `-iname` kuma bai damu da babban harafi ko ƙarami ba. Ni ba jerin nake so ba, adadin nake so. Akwai wani ƙaramin umarni, `wc -l`, wanda ba abin da ya iya sai ƙirga layuka. Sai aka haɗa su da tsayayyen layin nan `|`:

`find . -iname "*.jpg" | wc -l`

Abin da na farko ya fitar, maimakon ya zubo a allo, sai ya shige wa na biyu kai tsaye. Kamar leburori ne ranar zubin dakin: wannan ya cika kwano ya miƙa, wancan ya karɓa ya miƙa gaba, ba wanda ke yin aikin wani. Douglas McIlroy ne ya daɗe yana neman a yi wannan a Bell Labs, Ken Thompson ya saka shi a Unix a 1973. Ana kiransa bututu. Tunanin da ke bayansa shi ne kowace manhaja ta iya abu ɗaya sosai, a bar wa mai amfani ya jona su yadda bukatarsa take. Wanda ya rubuta `wc` bai san da shagon hoto a Kano ba, amma ga shi yana ƙirga mana hotuna.

Na biyu da na haɗa shi ne `du -sh * | sort -h`. `du` yana auna girman kowace folda, `sort -h` yana jera su daga ƙarama zuwa babba. Nan take na ga cewa ba hotuna ne suka cinye faifan ba, bidiyon dina ne, da wasu foldoji da aka kwafa sau biyu. `df -h` kuma yana nuna sauran wurin da ya rage a kowane faifai.

Sannan na juya jerin duka fayiloli zuwa cikin takarda: `find . -type f > ~/jeri.txt`. Alamar `>` tana zuba sakamako cikin fayil, amma tana shafe abin da ke ciki a da, `>>` ita ce ke ƙarawa a ƙasa. Yanzu `grep -i suna ~/jeri.txt` yana fito min da duk layin da ke da kalmar "suna" cikin ƙiftawar ido, ko faifan ba ya jone. Idan sakamakon ya yi yawa sai in ƙara `| less`, in riƙa sauka a hankali, in fita da `q`.

Ra'ayina game da darussan da ake yi wa masu farawa: yawancinsu suna jero umarni ashirin a gwada a kan folda da ba komai cikinta, mutum ya haddace ya manta. Da a ce tun makon farko ana nuna wa mutum bututu a kan fayilolinsa na kansa, da ba a sha wahalar shawo kansa ba.

Lahadi, 16 ga Nuwamba

Wuta ba ta zauna ba, aiki kaɗan aka yi. Na karanta `man ls` da `man cp`. `man` littafin bayani ne da ke cikin kwamfutar, ba ya bukatar data. Turancinsa yana da nauyi, amma da `/` ana iya neman kalma a ciki. Kibiyar sama tana dawo da umarnin baya, Ctrl da R yana nemo wanda ka taɓa bugawa tun tuni.

Ƙanwata ta ga abin da nake yi ta ce, "Yaya, ni da ba ni da kwamfuta fa?" Na sa mata Termux, manhajar da ke kawo baƙin allon nan, a wayarta ta Android daga kasuwar manhajoji ta F-Droid. Bash ne shi ma a ciki, `pwd` da `ls` da `cd` duk suna aiki daidai yadda suke a wurina. Bayan ta buga `termux-setup-storage` ta ba da izini, sai ga foldojin wayarta a ƙarƙashin `~/storage`. Na ce mata kada ta kusanci `rm` a can.

Lahadi, 23 ga Nuwamba

Kwafin ko-ta-kwana kafin komai. Kawu ya sayo sabon faifai, na yi amfani da `rsync`, wanda Andrew Tridgell da Paul Mackerras suka fitar a 1996. Fifikonsa a kan `cp` shi ne yana duba abin da ya riga ya isa can, ya kwafi abin da ya rage kawai. A inda ake ɗauke wuta ba sanarwa, wannan ba ƙaramin abu ba ne: idan aiki ya katse, ka sake buga umarnin, ya tsallake waɗanda ya gama.

`rsync -avn tsoho/ sabo/` na fara bugawa. Harafin `n` yana sa ya lissafo abin da zai yi ba tare da ya yi ba. Da na gamsu, na cire shi. A lura da karkataccen layin da ke ƙarshen `tsoho/`: idan yana nan, abin da ke cikin foldar ake kwafewa, idan babu, foldar kanta za ta shiga cikin `sabo`.

Na kuma girka manhajoji uku da zan yi aiki da su nan gaba, `exiftool` da `fdupes` da ImageMagick, da `sudo apt install`. `sudo` yana ba ka ikon mai kula da kwamfutar na wannan umarnin kaɗai, yana neman kalmar sirri, kuma yayin da kake rubuta ta ba abin da ke fitowa a allo, ko ɗigo. Haka aka tsara shi. Ba na buga `sudo` a gaban umarnin da ban fahimta ba, musamman wanda aka kwafo daga intanet.

Lahadi, 30 ga Nuwamba

Kowane hoton kyamara yana ɗauke da ɓoyayyen bayani a cikinsa: ranar da aka ɗauka, sa'a, irin kyamarar. `exiftool`, na Phil Harvey, shi ke karanta wannan. Ranar da `ls -l` ke nunawa ba abin dogaro ba ce, don tana iya canzawa idan an kwafi fayil ko an gyara shi. Ta cikin hoton ita ce ta gaskiya, muddin agogon kyamarar daidai yake. Umarnin da ya yi babban aikin shi ne:

`exiftool -r -o . "-Directory<DateTimeOriginal" -d "tsari/%Y/%Y-%m-%d" sabo`

Yana bin duk hotunan da ke cikin `sabo`, ya karanta ranar kowanne, ya ƙirƙiri foldar shekara da ta rana, ya ajiye kwafi a ciki. `-o .` ɗin ne ke sa ya kwafa maimakon ya matsar. Idan ya tarar da mai suna iri ɗaya a can, ba ya hawa kansa, ƙorafi yake yi ya wuce. Sai da na gwada a foldar gwaji, sannan na sake shi a kan kwafin da `rsync` ya yi.

Kashi biyu ne suka ƙi shiga tsari. Akwai hotunan da aka ɗauka lokacin da agogon wata kyamara ya koma baya, duk suka taru a shekarar da ba a ma buɗe shagon ba. Waɗannan sai Kawu ya zauna ya duba fuskoki, shi ya san bikin wa da wa. Akwai kuma waɗanda kwastomomi suka turo ta WhatsApp a wanke musu. WhatsApp yana cire ɓoyayyen bayanin, amma a Android yana sa ranar a sunan fayil, kamar IMG-20231105-WA0003.jpg, don haka `find . -name "IMG-2023*WA*"` ya tattaro na shekarar gaba ɗaya.

Lahadi, 7 ga Disamba

`fdupes -r tsari` yana nemo fayilolin da cikinsu iri ɗaya ne sak, ko da sunansu ya bambanta. Na zuba sakamakon a takarda da `>`, ban share komai ba. Kawu zai gani tukuna.

Yau na rubuta madauki na farko, don magance maimaituwar sunaye daga tushe:

`for f in *.JPG; do echo mv -i "$f" "2025-12-06_$f"; done`

Ma'anarsa: ɗauki kowane hoto ɗaya bayan ɗaya, kira shi `f`, ka liƙa masa kwanan wata a gaban sunansa. Da `echo` a ciki, layukan umarnin kawai yake nunawa. Na karanta su, na cire `echo`, na sake bugawa. Alamar zance da ke kewaye da `$f` dole ce, saboda sunaye masu tazara. Hotunan ɗaurin auren jiya su ne na farko da suka shiga faifai da sabon suna.

Ƙananan kwafi da ake tura wa amarya ta zaɓa ma sun samu hanya: `mkdir kanana`, sannan `mogrify -path kanana -resize 1600x1600 *.JPG`. Wannan na ImageMagick ne. Idan aka manta `-path`, hotunan asali zai rage wa girma, don haka ba a yin sa sai an tabbatar kwafin ko-ta-kwana ya kammala.

Lahadi, 14 ga Disamba

Bukukuwa sun kankama, lokacin zama ya yi ƙaranci. Na buɗe `nano`, manhajar rubutu a cikin baƙin allon, na rubuta umarnin `rsync` na kullum a fayil mai suna `ajiye.sh`, layin farko `#!/bin/bash`, na ba shi izinin aiki da `chmod +x ajiye.sh`. Yanzu yaron shago yana jona faifai da daddare ya buga `./ajiye.sh` kafin a rufe. Na nuna masa `pwd` da `ls` da Tab, ya kama da wuri, har ya fara neman hotunan fasfo da `grep` da kansa.

Jiya wata Hajiya ta zo neman hotunan sunan jikarta na watan Maris 2022. Na buga `ls tsari/2022 | grep 2022-03`, foldojin watan suka fito, ta tuna ranar Asabar ce, muka same su kafin ta gama gaisawa da Kawu.

Sauran aiki: ƙara irin biki a sunayen foldojin da `exiftool` ya yi, tunda kwanan wata kaɗai suke ɗauke da shi, zama da Kawu a kan hotunan da agogonsu ya ɓace da jerin `fdupes`, da kuma gyara `ajiye.sh` ya riƙa duba ko faifan yana jone kafin ya fara. Wannan na ƙarshen yana bukatar `if`, shi zan karanta a makon nan.